An yi gwajin kashi an ce babu komai, to me ya sa mutum ke ta ramewa?

Tambayar nan ta daɗe tana yawo a guruf-guruf na WhatsApp, ta ƙara ƙarfi tun da masu sayar da maganin "wankin ciki" da "gyaran hanji" suka cika TikTok. Mutum yana cin abinci sosai, ba ya wasa da cikinsa, amma kullum zubewa yake ƙara yi, ciki a kumbure, iska ba ta ƙarewa, bayan gida ga wari ga maiƙo, ya je lab an yi masa gwajin kashi an ce ba a ga komai ba. To ina matsalar take? Wani ya ce olsa ce, wani ya ce basir, wani ya ce taifot ce ta zauna masa, in abin ya ja lokaci kuma sai a koma raɗe-raɗi, ko sammu ne, ko cutar nan da ba a son kiran sunanta.

Akwai wata amsa da ba a cika kawowa ba, kuma ba na cewa ita ce amsar kowa, amma tana nan: wataƙila fankiriyas ɗinsa ce ta daina fitar da isasshen ruwan narkar da abinci. Akwai gwajin kashi na musamman da ake yi don a gano hakan, sunansa gwajin ilastes, kuma ba shi ne wanda aka saba yi mana ba.

Gwajin kashi ai ba guda ɗaya ba ne

Nan ne ruɗanin yake farawa. In likita ya rubuta maka gwajin kashi a nan Zariya, a Shika ko Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada, galibi abin da ake nufi shi ne a ɗebi ɗan kaɗan a sa a gilashi a duba da madubin likita, a nemi ƙwan tsutsa, amiba mai kawo atini, jini, ruwan ƙurji da makamantansu. Wani lokaci a shuka shi a ga ko wata ƙwayar cuta za ta tsiro. Akwai kuma wanda ya yi tashe 'yan shekarun nan, na neman H. pylori, ƙwayar da ke kawo olsa. Duk waɗannan masu amfani ne, amma babu ko ɗaya a cikinsu da yake duba ko abincin da ka ci ya narke ko bai narke ba. Saboda haka in rizol ya ce "ba a ga komai ba", ma'anarsa ba a ga abin da aka je nema ba, shi kenan. Lab ba sa gwada abin da ba a rubuta musu ba, kuma ba laifinsu ba ne.

Shi gwajin ilastes tambaya ɗaya tak yake amsawa: nawa ne daga cikin ruwan narkarwar fankiriyas ya iso har ƙarshen hanya. A takardar lab sau da yawa za ka ga an taƙaita shi da FE-1.

Ita fankiriyas ɗin, wace ce?

Wata tsoka ce doguwa mai laushi, tsawonta kamar santimita 15, tana kwance a kaikaice a bayan tumbi, can ciki kusa da ƙashin baya, shi ya sa ciwonta yakan taso daga ƙahon zuciya ya soka har gadon baya. Ba saifa ba ce, mutane na yawan haɗa su, saifa tana gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari kuma aikinta na jini ne.

Yawancinmu ta dalilin ciwon suga muka san fankiriyas, tunda ita ke yin insulin. Amma ɓangaren da ke yin insulin ɗan mitsitsi ne, kusan duk jikinta wani aikin daban yake yi, wato haɗa ruwan narkar da abinci, kamar lita ɗaya da rabi kullum, tana tura shi ta wani siririn bututu zuwa farkon ƙaramin hanji, daidai inda ruwan madaciya ma yake zubowa. A cikin ruwan nan akwai baikabonet, dangin kanwa ne, shi ke kashe tsamin da ya gangaro daga tumbi, sannan akwai inzayim-inzayim, wato sinadaran da ke farfasa abinci har ya zama abin da jiki zai iya tsotsa. Amiles na aikin sitaci, tuwo da shinkafa da doya. Tiripsin da kaimotiripsin da ilastes suna aikin nama da wake da ƙwai. Laifes kuma shi ke da mai, man gyaɗa, manja, man shanu, kitsen tsire, duk shi.

To a cikinsu laifes ne mai matsala. Sitaci ko fankiriyas ta gaza akwai amiles a yawu, nama kuma tumbi da hanji suna ɗan taimakawa, amma mai kusan dogaronsa duk a kan laifes ɗin fankiriyas yake, ga shi kuma shi ne ya fi saurin lalacewa in tsami ya yi yawa. Shi ya sa in abu ya ɓaci mai ne ke fara fitowa a bayan gida yadda ya shiga. Wannan ba sabon ilimi ba ne, tun a shekarun 1840 wani masani ɗan Faransa, Claude Bernard, ya nuna cewa sai ruwan fankiriyas ya haɗu da mai sannan yake narkewa.

Abin da ya fi muhimmanci a riƙe shi ne fankiriyas tana da rara mai yawan gaske. Wani bincike da wani likita mai suna DiMagno da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 1973 ya nuna maiƙo ba ya bayyana a kashi sai laifes ɗin da take fitarwa ya faɗi ƙasa da kashi 10 cikin 100 na yadda ya kamata. Wato kafin ido ya gani, ɓarnar ta riga ta yi nisa, ƙila shekaru tana ci a hankali ana ta shan maganin olsa.

Alamun, da matsalar masai

In ka karanta abin da Turawa ke rubutawa za su ce maka kashin yana da yawa, ya yi fari-fari ko ruwan toka, yana da wari na fitar hankali, yana yawo a saman ruwa, kuma ko an kora ruwa ba ya tafiya sai an maimaita. Duk gaskiya ne, amma wannan bayanin na mai bandakin zama ne. Gidaje nawa ne a cikin birni, ko Jushi, ko ƙauyukan da ke bayan Samaru, suke da irinsa? Mai masai ba ya ganin abin da ya yi, ya tafi kenan. Don haka in likita ya tambaya "yana yawo a kan ruwa?" sai mara lafiya ya ce bai sani ba, ko don kunya ya ce a'a, sai a wuce wajen.

Mu a nan tambayoyin da suka fi dacewa daban ne. Wajen tsarki kana jin santsi ko maiƙo a hannu, har buta ɗaya ba ta isa sai ka sa sabulu sosai? Kana ganin tabon mai a wando, wani lokaci ma bayan tusa kawai? Abin yana tsananta ne bayan ka ci ƙosai ko awara ko waina da mai ya ji, ko a kwanakin Babbar Sallah da suya ta yi yawa? Yara kuwa masu zama a fo, iyaye mata sun fi kowa sanin amsar, a tambaye su.

Ɗan gyara a nan, yawo a saman ruwa shi kaɗai ba hujja ba ne, iska ma tana sa kashi ya taso, wanda ya ci wake da yawa zai iya ganin haka lafiyarsa lau. Abin dubawa shi ne haɗuwar maiƙo da rama.

Bayan wannan akwai alamun da ba a cika dangantawa da ciki ba. Bitamin A da D da E da K sai da mai suke shiga jiki, in mai ya wuce su ma sun bi shi. Rashin A na kawo dundumi, mutum da magariba ta yi sai ya kama lalube. Rashin D na sa ƙashi ya yi rauni, ciwon baya da ƙugu, ɗan faɗuwa kaɗan sai karaya. Rashin K kuma jini ya riƙa jinkirin tsayawa.

Yadda ake yinsa da yadda ake karanta lambar

Me ya sa ilastes aka zaɓa ba laifes ba, alhali laifes ne ake kuka da shi? Saboda laifes yana lalacewa a hanya, kafin ya kai ƙarshe babu abin aunawa. Ilastes kuwa yana ratsa hanji gaba ɗaya bai canza ba, har ma ya ƙara kauri a cikin kashi ninki biyar zuwa shida kan yadda yake a ruwan fankiriyas, tunda babban hanji yana tsotse ruwa. Sai ya zama ma'auni, in shi ya yi ƙasa ana ɗauka sauran 'yan uwansa ma sun yi ƙasa. A shekarun 1990 aka fito da gwajin daga Jamus, kuma yanzu shi ne na farko da ake fara yi kusan ko'ina in ana zargin wannan matsala.

Sauƙinsa ne ya sa ya karɓu. Ba azumi, ba allura, ba canza abinci, ɗan kaɗan ake buƙata a 'yar robar da lab za su ba ka, kada dai fitsari ko ruwa ya taɓa shi, kuma kada a kwaso daga ƙasa. Ilastes yana jure 'yan kwanaki ba tare da ya lalace ba, wanda ke da amfani gare mu tunda ba kowane lab ke da kayan yinsa ba, akwai masu karɓa su tura wani gari. Kafin ka biya kuɗi ka tambaya ƙarara, ilastes za a auna ko gwajin tsutsa ne aka saba, don kada ka biya ka dawo da takardar da ka riga kana da irinta uku a gida.

Ana ba da sakamakon ne da maikirogiram a kowane giram ɗaya na kashi. Sama da 200 ana ɗauka lafiya. Tsakanin 100 da 200 akwai alamar ragi. Ƙasa da 100 ragin ya yi tsanani.

Kafin zuwansa abin da ake yi wahala ce tsantsa, kuma har yanzu shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi: a sa mutum ya riƙa cin giram 100 na mai kullum har kwana biyar, a tara duk kashin da ya yi a kwana ukun ƙarshe, duka fa, a kai lab a auna man da ke ciki, in ya wuce giram 7 a rana to mai ba ya narkewa. Ka yi tunanin ajiye wannan a gidan haya a watan Afrilu. Ma'aikatan lab ɗin ma ba so suke ba. Akwai kuma na zura bututu ta baki har hanji, a yi allurar sikiritin, sinadarin da ke sa fankiriyas ta zubo da ruwanta, a ɗebo ruwan fankiriyas ɗin kai tsaye, shi ya fi kowanne gano matsala tun tana ƙarama amma sai manyan cibiyoyi ƙalilan a duniya. Akwai mai arha, a ɗiga wa kashi wani rini mai suna Sudan a duba ɗigon mai da madubi, yana nuna akwai mai amma ba ya faɗin daga ina matsalar take.

Kada kuma a haɗa shi da gwajin jini na amiles da laifes. Wancan na lokacin da fankiriyas ta kumbura farat ɗaya ne, ciwon ciki mai tsanani da amai da ke kai mutum imajensi, a nan lambar sama take tashi, ninki uku ko fiye. Wanda fankiriyas ɗinsa ta daɗe da lalacewa jininsa na iya fitowa daidai, sai a ce masa ai an duba fankiriyas lafiya take, alhali ba abin da aka duba kenan ba.

Inda gwajin ke yaudara

Babban raminsa shi ne gudawa. Tunda lissafin na kowane giram ne, in kashin ruwa ne tsululu to ilastes ɗin ya tsinke a ciki, kamar kokon da aka tuttula wa ruwa, gasarar tana nan yadda take amma kowane ludayi ka ɗebo sai ka ce babu komai. Sai lamba ta fito 80 ko 120 ga mutumin da fankiriyas ɗinsa ƙalau take, zawo ne kawai ya kama shi. Ga shi kuma masu zawo ne suka fi zuwa a yi musu gwajin, kun ga inda gizo ke saƙar. Ƙa'ida ita ce a kai samfur mai ɗan tauri ko aƙalla mai kauri, in na ruwa aka kai kuma ya fito ƙasa to a maimaita kafin a ɗora wa mutum maganin da zai sha har ƙarshen rayuwa.

Ta ɗaya gefen kuma, in ragin bai yi yawa ba gwajin na iya fitowa sama da 200 alhali cuta ta fara. Ya ƙware wajen kama mai tsanani, mai sauƙi kuwa yakan kuɓuce masa.

Wannan ne ya sa su kansu likitocin ba su gama daidaitawa kan layin ba. Da yawa, musamman a Turai, suna riƙe da 200, hujjarsu ita ce gara a kama mutum da wuri a ba shi magani kafin ya rame ƙashinsa ya lalace, tunda maganin ba shi da wata illa mai yawa. Ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka kuwa a jagorar da ta fitar a 2023 cewa ta yi ƙasa da 100 ne hujja mai ƙarfi, tsakanin 100 da 200 ba a yanke hukunci. Ni a ganina, a wajen da zawo ya yi yawa kamar namu kuma magani ke da tsada daga aljihu ake biya, ra'ayi na biyu ya fi kama hankali ga wanda ba shi da wani dalili sananne. Amma wanda aka riga aka san fankiriyas ɗinsa ta daɗe tana ciwo, ko an yanke wani ɓangarenta, ko yana da kansa a wajen, ga rama ga maiƙo, wannan ba sai an tsaya jayayya kan 150 ko 190 ba, wani lokaci ma ba a jiran gwajin ake fara magani.

Sannan maiƙo a kashi ba fankiriyas kaɗai ke kawo shi ba, kuma a Zariya ba ita ce ta farko a layi ba. Jiyadiya, wata 'yar ƙwayar cuta da ake sha a ruwan da bai da tsafta, tana kawo kumburin ciki da gyatsa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da kashi mai maiƙo, ga ta da wuyar gani a duba ɗaya, kuma maganinta na 'yan kwanaki ne. Akwai tibin hanji, akwai cutar HIV in ba a shan magani, akwai toshewar hanyar madaciya, akwai masu cutar da alkama ke ɓata wa hanji, har metformin na masu suga yana sa wasu zawo. Likitan kirki zai bi waɗannan tukuna ko tare.

Me ke kashe fankiriyas tun farko?

A manya babban dalili shi ne kumburin da ya daɗe yana cinta har ta zama tabo da tsakuwa. A ƙasashen Turai giya ce kan gaba, kuma saboda haka ne wasu da zarar sun karanta a intanet sai su fara yi wa mara lafiya kallon mashayi, wanda zalunci ne. Giya na yi, burukutu ma giya ce, amma sigari shi kaɗai ma yana yi, kuma yana hanzarta lalacewar, wannan kam an tabbatar. Akwai na gado. Akwai wanda tsakuwar madaciya ke gangarowa ta toshe bakin bututun ta tayar da kumburi, in ya yi tsanani ko ya yi ta maimaituwa sai ya bar tabo, kuma masu sikila sun fi kowa saurin yin irin wannan tsakuwar tun suna yara. Kitse in ya yi mugun yawa a jini shi ma yana tayar da ita.

Akwai wani nau'i da ya shafe mu kai tsaye, na ƙasashe masu zafi. Wani likita mai suna Zuidema ya bayyana shi a Indonesiya a 1959, daga baya aka ba da rahotonsa a Yuganda da Najeriya da jihar Kerala ta Indiya. Yana kama matasa da ba su taɓa kusantar giya ba, ciwon ciki tun ƙuruciya yana zuwa yana tafiya, sai tsakuwa ta cika bututun fankiriyas, sai suga ya bayyana mutum bai kai talatin ba kuma ga shi siriri. An daɗe ana ɗora laifin a kan rogo, har yanzu za ka ji masu cewa garin kwaki ne, amma bincike bai tsayar da wannan zargi ba, an ga cutar a wuraren da ba a cin rogo, an kuma ga masu cinsa kullum da ba su da ita, yanzu hankali ya fi karkata ga gado, musamman canji a wata ƙwayar halitta da ake kira SPINK1. Saurayi ko budurwa siriri mai suga da tsohon ciwon ciki, a duba fankiriyas, ko hoton eksire na ciki kawai yakan nuna tsakuwar.

Irin wannan sugan da ya biyo bayan lalacewar fankiriyas yana da wuyar sha'ani, don ba insulin kaɗai aka rasa ba har da gulukagon mai ɗaga suga in ya faɗi, sai mutum ya riƙa hawa da sauka, ga abinci ba ya narkewa daidai balle a san nawa ya shiga jini. Su ma masu suga na yau da kullum da suka daɗe da shi, wasunsu ilastes ɗinsu yakan yi ƙasa.

A yara, Turawa sistik faibrosis suka fi sani, cutar gado ce da ta fi yawa a cikinsu, a baƙar fata ba ta kai haka ba duk da akwai ta. Mu namu tamowa ce. Fankiriyas da furotin take ƙera inzayim, yaron da yunwa ta cinye ba shi da abin ƙerawa, sai ta ƙanƙance, abinci kuma ya kasa narkewa, yunwa ta ƙaru. Sai dai wannan yakan farfaɗo in yaro ya samu abincin gina jiki da kulawar asibiti, ba irin na tabo ba ne.

Sai wanda ba a son ji, kansar fankiriyas. Dattijo ko dattijuwa da ya kama rama ba dalili, suga ya bayyana masa sabo, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, kashi ya yi fari, jiki na ƙaiƙayi, wannan ba maganar jiƙon shawara ba ce kuma ba maganar jiran gwajin kashi ba ce, asibitin koyarwa za a nufa a yi hoto cikin gaggawa.

To rizol ya fito ƙasa, sai me?

Sai tambaya ta gaba, me ya jawo? Ilastes ba ya faɗin dalili. Dole a bi da hoto, sikanin na ciki yakan fara amma iskar hanji na yawan rufe fankiriyas, hoton CT ya fi nunawa, a kuma auna suga da yawan jini da nauyi. Wanda ya karɓi takarda ya wuce kemis kai tsaye ya tsallake mataki mafi muhimmanci.

Maganin shi ne a mayar wa hanji abin da ya rasa, kafso ne mai ɗauke da inzayim, wanda aka fi sani shi ne Creon, lambar da ke jikin kwalin kamar 10,000 ko 25,000 ƙarfin laifes ɗin ciki ce. Babba yakan fara da 40,000 zuwa 50,000 a kowane babban cin abinci, rabin haka in ɗan taɓa-ka-lashe ne, likita ne zai daidaita. Kuma yadda ake shansa ya kai maganin kansa muhimmanci: tare da abinci, da loma ta farko ko a raba shi a tsakiyar ci, ba "safe, rana, dare" yadda muka saba ba, in ka sha da asuba ka karya ƙarfe goma ka zubar da kuɗinka. Ba a tauna shi, ba a daka shi, ba a kora shi da shayi mai zafi, kuma zafi na kashe shi, don haka aljihun gaban mota ko saman taga a bazarar Zariya ba wajen ajiyarsa ba ne.

Tsohuwar shawara ta "ka daina cin mai kwata-kwata" an bar ta. Mutumin da ke ramewa ka hana shi mai ai ka ƙara masa, yanzu cewa ake ya ci abincinsa daidai, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya sha inzayim ɗin da zai ishe shi, a ƙara masa bitamin in ya rasa, ya bar sigari da giya gaba ɗaya.

Ba a maimaita gwajin ilastes don a ga ko magani na aiki. Irin gwajin da aka fi yi ilastes na ɗan Adam kaɗai yake gani, ba ya ganin na cikin kafso, shi ya sa ma ba sai an dakatar da magani kafin a yi shi ba, kuma shi ya sa lambar ba za ta tashi ba ko da mutum ya murmure. Sikeli ne alƙali, da raguwar maiƙo da iska. In ba a ga canji ba akan ƙara yawan kafso, ko a haɗa da maganin rage tsamin ciki irin omeprazole don kada tsami ya kashe laifes ɗin, ko a koma a sake neman jiyadiya da sauransu.

Masu tallar "inzayim na gwanda da abarba" a intanet kuwa, gaskiya ne akwai inzayim a gwanda da abarba, amma nama suke farfasawa ba mai ba. Wankin ciki kuma ga wanda abinci ke wucewa bai narke ba, ƙara masa gudu ne kawai.

Maganar alade

Ba zai yiwu a rufe wannan ba, gara mutum ya ji tun farko da ya gano daga baya a jikin kwali ya watsar da magani a ɓoye. Creon da 'yan uwansa da aka tabbatar da aikinsu daga fankiriyas ɗin alade ake haɗa su, saboda inzayim ɗinsa ne ya fi kusa da na mutum, kuma har yanzu babu wani madadi da ya kama ƙafarsu. Wasu marasa lafiya suna jin haka sai su ce a bar su da ciwonsu. Malamai da yawa da aka kai wa mas'alar sun duba ta ne ta babin larura, bisa ayar da ta haramta naman alade a Suratul Baƙara, aya ta 173, wadda ita kanta ta ɗauke laifi ga wanda ya matsu, da sharaɗin likita amintacce ya tabbatar da buƙata kuma babu halal da zai maye gurbinsa. Wannan ma wani dalili ne na kada a fara maganin a kan rizol ɗin da aka yi da kashin gudawa, don sai an tabbatar da cutar sannan larura ta tabbata. Ni ba mai fatawa ba ne, Zariya kuma ba ta rasa malamai ba, amma in za ka je wajen malam ka je da cikakken bayani daga likita: me aka gano, me zai faru in ba a sha ba, akwai madadi ko babu.

A watan azumi shan sa bai da rikici tunda dama tare da abinci ake sha, da buɗa baki da sahur da duk abin da aka ci a tsakani, sai dai buɗa bakinmu ƙosai ne da soyayyen dankali da miya mai mai, wanda ke nufin a nan ne ake buƙatar kaso mafi yawa. Wanda kuma suga ya haɗu masa da wannan matsala, musamman mai allurar insulin, ya zauna da likitansa tun cikin Sha'aban a duba ko jikinsa zai ɗauki azumin.